Naira Ɗari Tara

Ƙarfe huɗu ta gota a Gidan Murtala,
masu shara sun fara jan kujeru,
ni Lantana mai riƙon kuɗi ina zaune daram.
Littafi ya faɗi nasa, aljihun tebur ya ƙaryata.
Naira ɗari tara ta yi ɓatan dabo.

Sale masinja ya jingina da ƙofa, takalmi a hannu:
"Hajiya, ɗari tara fa, ko kwanon shinkafa ba ta saya.
Ciro a jakarki ki cike,
mu fita kafin Ƙofar Nassarawa ta cushe."
Na ce, Sale, ramin da aka rufe da tabarma
yana nan rami,
yana jiran ƙafar da ba ta san ɗakin ba.

Na kwance robar, na sake ƙirgawa.
'Yan dubu-dubu masu warin aljihu,
'yar ɗari biyar da aka ɗinke da salatif,
wata ɗari biyu mai tabon manja a goshi.
Sau uku, amsa ɗaya.

Malam Haladu ne ya koya mini aikin,
Allah ya kai haske kabarinsa.
Biro ja a kunne, goro a kumatu, yakan ce:
"Hannun da ya karɓa ba shi ke sa hannu ba,
mai sa hannu ba shi ke kwana da makulli ba.
Ba zargi ba ne, 'yata,
kujera ce muke hana Shaiɗan."

Da hantsi Darakta ya aiko 'yar takarda:
a ba shi dubu hamsin, gobe bauca za ta biyo.
Na naɗe ta, na mayar.
A masallacin nan bauca ce liman,
kuɗi mamu ne, ba sa riga ta ruku'u.
Tun sannan bai amsa gaisuwata ba.
Hannuna ya yi rawa, ban ɓoye wa kaina ba,
ina da 'ya'ya huɗu da hayar gida a Gwammaja.

Waya ta yi ƙara, Ummita ce:
"Mama, a jiƙa wake ko a bari?"
Na ce a jiƙa, ina tafe.
Ban tafe ba.

Sai muryar tsohon ta dawo daga ƙasan durowa:
"In giɓi ya rabu da tara ba saura,
kar ki nemi ɓarawo tukuna,
lambobi ne suka yi musayar mazauni."

Na jawo rasit, ɗaya bayan ɗaya,
yatsa a kan kwafi, ido a kan layi.
Na arba'in da shida, na wani mai gyaran fanka:
dubu biyu da ɗari uku ya biya,
dubu uku da ɗari biyu na rubuta.
Daidai lokacin da takardar Darakta ke gabana.
Ashe ɓarawon a hannuna yake,
shuɗi, mai murfi, na naira hamsin.

Ban goge ba.
Layi ɗaya na ja a kai, siriri,
yadda odita zai ga kuskuren ya ga gyaran,
na sa hannu a gefe, da kwanan wata.
Malam Inuwa ya kawo makullinsa, na kawo nawa,
akwatin ƙarfe ya rufe baki da shaidu biyu.

A waje an kira magariba.
Na tsaya wajen mai awara a bakin titi,
ta kwance bakin zane, ta ƙirga canjina,
ta tsaya, ta sake ƙirgawa.
Na bayana ya yi tsaki.
Ni na jira.